Kumburin Bayan Cire Haƙori: Wanne Ne Na Haƙuri, Wanne Ne Na Komawa Asibiti?

   

Mu mata Allah Ya hore mana sanin jinya. Idan mace ta haihu babu mai tsayawa tambayar me za a yi, an san mai dafa ruwan wanka, an san mai dama kunu, an san ranar suna, an san ranar arba'in. Yaro ma idan aka yi masa kaciya an san kwanakin warkewarsa. Amma bari a dawo da uwargida daga asibiti da auduga a baki an cire mata haƙori, gari ya waye kunci ya haye, ki ga yadda hankali ke tashi. Wata ta ce likitan ne bai iya aiki ba, wata ta ce iska ce ta shiga, wata ta ce a gasa, wata ta ce a ƙyale shi, ai haƙuri shi ne magani. Ita kuwa mai ciwon tana zaune ba bakin magana, ga zogi, ga fargaba, ga tukunya tana jiran ta.

Ni ma na bi ta wannan hanya, kuma abin da na tsinta a cikinta shi nake so in miƙa miki a wannan watan. Kumburin nan iri biyu ne. Akwai mai ƙidayayyun kwanaki, ya zo ya wuce, ba ya neman komai a wurinki sai kulawa da haƙuri. Akwai kuma wanda yin haƙuri da shi ganganci ne, domin yana iya kai mutum ga halaka. Macen da ta iya bambance su ta huta da tsoro, ta kuma tsare kanta da iyalinta.

Haƙorin Da Ke Zuwa A Makare

Babban mutum yana da haƙora 32 idan sun cika. Guda huɗu na can ƙurya, biyu a sama biyu a ƙasa, su ne na ƙarshen fitowa, galibi tsakanin shekara 17 zuwa 25, lokacin da yarinya ta riga ta zama budurwa, wata ma tana ɗakin mijinta da goyo. Saboda wannan jinkiri ne Larabawa suke kiransa dirsul aƙli, wato turmin hankali, don sai mutum ya mallaki hankalin kansa yake fitowa. Wasu huɗun duka kan fito musu lafiya lau, wasu ɗaya ko biyu, wasu kuma har su tsufa ba su da shi sam, kuma wannan ba illa ba ce.

Damuwar ita ce, baƙon da ya zo a makare yakan tarar an cika tabarma. Idan muƙamuƙi ba shi da sauran fili, sai haƙorin ya fito a karkace, ko ya kwanta ya tokari na gabansa, ko ya leƙo rabi dadashi ya rufe rabi. A ƙarƙashin wannan ɗan murfin dadashi ne abinci yake maƙalewa, buroshi ba ya kaiwa, asuwaki ba ya kaiwa, sai ƙwayoyin cuta su samu gida. Daga nan sai ciwo mai tafiya yana dawowa, da warin baki, wani lokaci har da mugunya, ko kuma haƙorin da ke maƙwabtaka da shi ya fara kogo.

Ba kowane haƙorin hankali ake cirewa ba. Tun a shekarar 2000 hukumar NICE, mai tsara wa asibitocin Ingila ƙa'idojin magani, ta ba da shawarar kada a cire wanda ba shi da wata cuta don kawai bai fito daidai ba. Likita ne zai duba, ya sa a ɗauki hoton ƙashi, sannan ya yanke shawara. Kuma don Allah 'yar'uwa, wurin likitan haƙori za ki je. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri, duk suna da sashen haƙori. Haƙorin da ke kwance cikin ƙashi kusa da jijiya ya wuce aikin wanzami ko mai kemis, ga kuma haɗarin ɗaukar ciwon hanta daga kayan aikin da ba a tsabtace ba.

Yadda Nawa Ya Kasance

Nawa na ƙasa ne, ɓangaren hagu, ina da shekara talatin da biyu aka cire shi. Hoto ya nuna a kwance yake, ya kafa kai a jikin na gabansa. Ni kuwa sana'ata da baki ake yin ta, da safe ajin matan aure, da yamma ajin yara, ga hadda ga tajwidi. Saboda haka na daidaita aikin da makon hutun makaranta, na roƙi ƙanwata ta zo ta riƙe mini gida kwana uku, na kuma yi miya ta kwana biyu na ajiye.

Aikin kansa bai kai yadda ake tsoratar da mutane ba. An yi mini allurar kashe wurin, leɓe da gefen harshe suka yi nauyi kamar ba nawa ba. Ina jin ana turawa ana ja, amma babu zafi. Likitar ta ɗan tsaga dadashi, ta raba haƙorin gida biyu ta fitar, ta yi ɗinki, ta sa auduga ta ce in cije. Kafin in tashi ta yi mini bayanin da ya zame mini abin riƙo, cewa yau zan ga kamar ba a yi komai ba, gobe zan kumbura, jibi in fi haka, kuma kada wannan ya tsorata ni. Wanda zai dawo da ni da gudu, in ji ta, shi ne wanda ya ci gaba da ƙaruwa bayan kwana uku, ko ya gangara wuya.

Haka kuwa aka yi. Ranar farko fuskata lafiya ƙalau, sai ɗan zogi da ya taso bayan allura ta sake ni. Washegari kunci ya ɗaga. Rana ta uku kuwa ƙaramin ɗana ya tsaya yana kallona, ya tambayi yayarsa ko zuma ce ta harbi Umma. Bakina ba ya buɗuwa fiye da shigar yatsu biyu. Na gwada karatu a hankali, sai na ga haruffan da nake gyara wa ɗalibai kullum sun gagare ni. Shekara da shekaru ina koya musu cewa harafin lodi daga gefen harshe yake fita tare da turame, ranar nan na tabbatar lallai turame suna da aiki a karatu. Sai na koma sauraro da tasbihi a zuci. Rana ta huɗu kumburi ya tsaya, ta biyar ya fara saɓewa, kafin mako ya zagayo sai wanda ya san ni sosai zai lura da shi. Na koma aji a kwana na tara, ina magana a hankali.

Me Ya Sa Ake Kumbura?

Ki tuna ciwo aka yi wa jiki, an tsaga nama, wani lokaci har an taɓa ƙashi. Duk inda aka ji wa jiki ciwo, yakan buɗe ƙananan hanyoyin jini na wurin, ya turo ruwa da fararen ƙwayoyin jini domin su share wurin, su yaƙi cuta, su fara gyara. Taruwar wannan ruwa ita ce kumburin da kike gani. Ashe ke nan alama ce ta jiki yana aikin da Allah Ya halicce shi a kai.

Wannan taruwa ba nan take take cika ba, shi ya sa kumburin yake kai maƙura tsakanin awa 48 zuwa 72 bayan aikin. Nan ne mata da yawa suke ruɗewa, domin a tunaninmu duk ciwon da aka yi wa magani kullum sauƙi ya kamata ya riƙa yi. Daga rana ta huɗu yake fara ja da baya, mafi yawansa ya tafi cikin mako guda, sauran ɗan tauri da nauyin muƙamuƙi kuma yana iya kaiwa mako biyu. Haƙorin ƙasa, musamman wanda sai da aka tsaga ko aka rage ƙashi, ya fi na sama kumburi. Ƙin buɗuwar baki kuwa, naman da muke tauna da shi ne yake daf da wurin, ya ji jiki ya ɗaure, kuma a hankali yake sakewa. Mai hasken fata tana iya ganin kuncinta ya canza launi kamar an buge ta, wannan ma jini ne da ya kwanta a ƙarƙashin fata, da kansa yake washewa. Zaren ɗinki iri biyu ne, akwai mai narkewa da kansa, akwai wanda sai an koma an cire, sai ki tambaya wanne aka sa miki. Ramin kansa dadashi yana rufe shi cikin 'yan makonni, ƙashi kuma ya cike shi cikin watanni.

Amanar Ranar Farko

Idan aka cire haƙori, jini yakan taru a cikin ramin ya daskare ya zama ɗan guda. Wannan gudan jini shi ne murfin da ya rufe ƙashi da jijiya, a kansa ne kuma sabon nama zai ginu. Duk dokokin da likita zai kafa miki a ranar farko, tsaron wannan ɗan guda ne manufarsu.

Ki cije audugar da aka sa miki da ɗan ƙarfi kamar rabin awa, ba magana, ba leƙawa. Awa 24 na farko kada ki kurkure baki, kada ki yi ta tsartar da yawu, kada ki zuƙi lemo ko ruwa da tsinken roba, kada ki sha abu mai zafi, kada kuma harshe ko yatsa ya je yana binciken wurin. Na san tsartar da yawu ita ta fi wuya, domin baki yakan cika da ɗanɗanon jini, amma ƙarfin tsartuwa da na zuƙa suna iya tumɓuke murfin nan. Ki goge da tsumma mai tsabta a hankali. Ganin yawu ya yi ja-ja a ranar farko ba abin tsoro ba ne, ɗigon jini kaɗan yakan rina yawu mai yawa. Idan jinin ya taso sosai, ki naɗe sabuwar auduga ko hankici mai tsabta, ki ɗan jiƙa, ki ɗora daidai kan ramin ki cije rabin awa kina zaune. Jakar ganyen shayi irin ta Lipton da aka jiƙa aka matse ma tana taimakawa, domin baƙin shayi yana da sinadarin da ke sa jini ya daskare.

Idan murfin ya fita ko ya narke tun wurin bai warke ba, ƙashi yakan zauna a buɗe, likitoci suna kiran wannan busasshen rami. Alamarsa ita ce kin fara samun sauƙi, sai kwatsam tsakanin kwana uku zuwa biyar wani irin zogi ya taso yana harbawa har kunne, baki yana wari, maganin ciwo kuma ya daina yi miki aiki. Ya fi samun haƙorin ƙasa, ya fi samun masu shan taba, ya kuma fi samun mata masu shan ƙwayoyin tazarar haihuwa. Maganinsa yana hannun likita, ya wanke ramin ya sa magani a ciki, sau da yawa kafin ki iso gida kin ji sanyi. Idan maigida ne ko ɗanki aka cire wa, kuma yana shan taba ko shisha, wannan ne lokacin da za ki dage masa ya ajiye, ko Allah zai sa ya zama silar rabuwa da ita.

Ƙanƙara Ko Gashi?

A rana ta biyu 'yan dubiya suka fara zuwa, Allah Ya saka musu da alheri, kowace da maganinta a baki. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu da nake ganin girmanta ta ce a kawo ruwan zafi da tsumma ta gasa mini da hannunta. Na yi mata godiya, ƙanwata ta yi mata bayanin abin da likita ta ce, ta kuwa karɓa ba tare da ranta ya ɓaci ba.

Gashi yana da amfani, amma yana da lokacinsa. Zafi buɗe hanyoyin jini yake yi, idan kika gasa a ranar farko ko ta biyu kin ƙara wa kumburi ƙarfi ne, kina kuma iya tayar da jini. A waɗannan kwanaki sanyi ake so. Ki naɗe ƙanƙara a cikin tsumma, ki ɗora a kunci ta waje minti 15 zuwa 20, ki sauke ki huta kamar haka, sannan ki sake. Kada ki ɗora ta tsirara a kan fata. Idan babu wuta a unguwa, ledar ruwa guda da ta daskare daga wurin masu sayar da ƙanƙara ta wadatar. Bayan kwana biyu sun cika, sai ki koma tsumma mai ɗumi, shi ne zai taimaka muƙamuƙi ya sake, kina yi kina gwada buɗe baki kaɗan-kaɗan. Wurin kwanciya kuma ki ɗaga kanki da matashi biyu, domin kwanciya a shimfiɗe tana tara ruwa a fuska.

Wata kuma ta zo mini da dakakken kanumfari. Gaskiya ne kanumfari yana da man da ke kashe zogin haƙori, har likitoci suna amfani da maganin da aka samo daga gare shi. Amma cusa gari a cikin ɗanyen rami kai masa datti ne, yana kuma ƙona nama. Haka ma kanwa, da man zafi, da ƙwayar asfirin da wasu ke dannawa a kan dadashi. Abin da ramin yake so bayan awa 24 sun wuce shi ne ruwan gishiri: rabin ƙaramin cokali a kofi guda na ruwa mai ɗumi, ki guntsa, ki karkata kai a hankali, ki buɗe baki ya zuba da kansa. Ki yi sau uku ko huɗu a rana, musamman bayan cin abinci, har tsawon mako. Sauran haƙoran kuma ki ci gaba da goge su, ki dai bi gefen ciwon a sannu.

Abinci Da Magani

Kada tsoro ya hana ki ci, domin jikin da bai ci ba ba ya gina nama. Ki bari allura ta sake ki tukuna, don kada ki ciji leɓe ko harshe ba ki sani ba. Ni da kunun gyaɗa da aka tace ya huce na fara, sai koko, da kindirmo, da ayaba, da dafaffen ƙwai, da dankali da aka murƙushe. A rana ta huɗu na ci tuwo mai laushi da miyar kuka marar yaji, ina taunawa ta ɗaya gefen. Ki yi nesa da kilishi, da tsire, da rake, da aya, da gyaɗa, da goro, da ƙuli-ƙuli, da duk abin da ke da ƙananan tsaba masu faɗawa rami irin su riɗi. Ki sha ruwa da yawa daga kofi.

Maganin ciwo kuma ki sha yadda aka rubuta miki. Galibi farasitamol ne da ibuprofen. Farasitamol mai miligiram 500 kada babba ya wuce ƙwaya takwas a awa 24, domin wuce haka yana lalata hanta, kuma ki lura magungunan mura da yawa suna ɗauke da shi a ciki. Ibuprofen a sha shi bayan an ci abinci, kuma mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mai juna biyu, kada su sha sai likita ya yarda. Asfirin yana tsinka jini, don haka ba shi ne maganin wannan ciwo ba, kuma garin Alabukun da ake saya a kanti yana ɗauke da shi. Amma wadda likita ya ɗora a kan asfirin ko wani maganin tsinka jini saboda zuciya, kada ta daina da kanta, ta faɗa wa likitan haƙori tun kafin aiki. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba kowa ake ba ba. Idan an ba ki, ki sha yadda aka ce, idan ba a ba ki ba, kada ki aiki yaro kemis ya haɗo miki.

Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki faɗa wa likita idan kina da ciki, ko kina shayarwa, ko kina da ciwon suga, ko hawan jini, ko sikila, da duk maganin da kike sha. Mai ciwon suga ciwonta yakan jinkirta warkewa, ta kuma fi saurin kamuwa da cuta a wurin. Mai shayarwa tana iya shan farasitamol da ibuprofen ta ci gaba da ba da nono, amma ta guji kodin da tiramadol. Mai ciki kuma, idan aikin ba na gaggawa ba ne, an fi son a yi shi tsakanin wata na huɗu zuwa na shida, ko a bari sai ta sauka.

Alwala, Sallah Da Azumi

Ɗalibaina matan aure sun sha yi mini wannan tambaya, yaya za a yi alwala alhali an hana kurkurar baki? Addininmu mai sauƙi ne. Kamar yadda muka karanta a Ahalari, kurkurar baki tana cikin sunnonin alwala, ba ta cikin farillai. Idan kika bar ta a ranar farko saboda lalura alwalarki ta inganta. Haka nan a mazhabar Imamu Malik fitar jini daga ciwo ba ya karya alwala. Wadda aka cire wa na sama ta bi shaƙa ruwa da facewa a hankali, domin saiwar turamen sama tana kusa da kogon da ke gefen hanci, face majina da ƙarfi yana iya taɓa wurin.

Sujada kuwa, za ki ji wurin yana bugawa idan kika sunkuyar da kai. Idan abin ɗan kaɗan ne ki yi sallarki yadda kika saba, cikin natsuwa. Idan kuma yana tayar da jini ko tsananta ciwo, mara lafiya yana da rangwamen yin nuni gwargwadon ikonsa. Game da azumi, idan aikin zai iya jira, ki tsara shi a wajen watan Ramadan. Idan kuma ciwo ya matsa har likita ya ce sai an cire, kina kuma bukatar magani da rana, to kina cikin marasa lafiyan da aka yi wa sauƙin su sha su rama.

Kumburin Da Ba A Yi Masa Haƙuri

Nan ne nake so ki tattara hankalinki, uwargida. Mu mata an san mu da cijewa, mace tana ciwo tana cewa da sauƙi don kada a ce ta cika raki, ko don tana tausayin aljihun maigida. To, akwai inda cijewa ba ta da lada. Ki koma wurin likita a ranar, ba sai gobe ba, idan kumburi ya ci gaba da ƙaruwa bayan kwana uku, ko ya sauka sannan ya dawo; idan wurin ya yi zafi da tauri, ga zazzaɓi; idan mugunya tana fita ko ɗanɗanon baki ya ɓaci; idan jini ya ƙi tsayawa bayan kin cije auduga sau biyu; idan baki kullum ƙara rufewa yake yi. Idan kuma leɓe ko haɓa ko harshe bai dawo da ji ba har washegari, ki sanar da likita. Jijiya ce aka taɓa, yawanci tana farfaɗowa cikin makonni ko watanni, amma ya kamata ya sani da wuri.

Akwai kuma wanda ko tsakar dare ne ba a jiran asuba. Idan kumburi ya gangara ƙarƙashin haɓa ko wuya, ko ya haura wajen ido, ko harshe ya ɗaga sama, haɗiyar yawu ta gagara, murya ta canza, numfashi ya fara wuya, to a nufi sashen gaggawa na babban asibiti nan take. Cuta ce ta bi ta ƙarƙashin harshe, kuma tana iya toshe hanyar numfashi cikin awoyi. Wani likitan Jamus mai suna Ludwig ya yi bayaninta tun shekarar 1836, har yau da sunansa likitoci suke kiran ta, kuma mafi yawanta daga turamen ƙasa take tasowa, ko an cire haƙori ko ba a cire ba. Irin wannan ba a gasa shi, ba a shafa masa komai, ba a tsaya neman wanda zai tsaga. A yi addu'a ana tafe a hanya.

A Ba Ta Kwana Uku

Duk abin da na lissafa ba zai yiwu ba idan mace ta dawo daga asibiti ta zarce madafa. Daka, da wanki a sunkuye, da jan ruwa a rijiya, da zama gaban murhu, duk suna tayar da jini su ƙara kumburi. Don ciwon a ɓoye yake cikin baki, sai a ga kamar ƙarami ne, a ce ai haƙori ne kawai. Ni na ga amfanin kwana ukun da ƙanwata ta ba ni, na kuma san ba kowace mace ce take da wanda zai karɓe ta ba. Shi ya sa nake kira gare mu, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Idan abokiyar zamanki ce, ki karɓar mata girki. Idan surukarki ce, ki aika mata da mai taya ta aiki. Idan maƙwabciya ce, kwanon kunu da riƙe mata yara na yini ɗaya sun fi doguwar dubiya mai sa ta magana. Ke kuma mai ciwon, ki zauna da maigida tun kafin ranar, ki yi masa bayanin kwanakin nan da alamomin haɗari, domin idan dare ya yi shi ne zai nemo abin hawa.

Ki adana wannan shafi, ko ba don kanki ba, don 'yarki ko ɗanki da ke tasowa, domin shekarunsu ne na fitowar wannan haƙori. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya sa abin da ya same mu ya zama kaffara, Ya kuma ba mu ikon kula da amanar jikin da Ya ba mu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.